Kafin ka kama shago don ka ji ana gina tasha

Duk wanda ya daɗe a Makka ko Jidda ya san halinmu, da an ga katafila ta fara haƙa sai kowa ya ce ai nan kasuwa za ta buɗe, a ruga a kama haya. To ɗan'uwa tsaya tukuna, ba kowane babban aiki ne yake kawo ciniki ƙofar shagonka ba.

Fara tambayar kanka, wa zai yi amfani da abin kuma da ƙafa zai fito ko a mota? Dubi jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018, wajen kilomita 450 daga Makka zuwa Madina, tafiyar da bas ke yi awa biyar ko fi yanzu awa biyu da 'yan mintuna ce. Aiki ne na gaske wallahi, otal-otal da masu jigilar 'yan umara sun ci moriyarsa, amma fasinjan da ya sauka a tashar Rusaifa ta Makka da ihrami a jikinsa hankalinsa na Harami, tasi zai shiga ya wuce, ba zai tsallaka titi neman shayinka ba. Metro na Riyad kuwa, wato jirgin ƙasan cikin gari, da ya fara aiki ƙarshen 2024, layi 6, tasha 85, wannan ma'aikata ne da ɗalibai kullum safe da yamma, kuma sai sun taka daga tasha zuwa gida. Masu takawar nan su ne kasuwa.

Don haka ka je wurin da kanka, kwana uku ko huɗu, bayan asuba da bayan isha'i, ka zauna ka ƙirga masu wucewa ta gefen da shagon yake, ta gefen fa, don titi mai shinge a tsakiya sai ya raba ka da mutanen da kake gani da idonka. Kuma kar ka yi ƙirgar cikin azumi ko lokacin hajji, lissafin zai ruɗe ka.

Sai maganar izala, wato rusau da hukuma ke yi wa unguwa. Mutanen Gulel da Sabil da Kandara a Jidda sun ga rusau wajen 2021 zuwa 2022, wasu da kayan shagonsu sabbi fil. Ka je baladiyya, wato ofishin hukumar gari, ka tambayi tsarin unguwar kafin ka biya ko riyal ɗaya, kuma yarjejeniyar haya a shigar da ita Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, kar ka yarda da "mun yi magana da mai gida".

In ba ka da jinsiyya, wato kai ba ɗan ƙasar Saudiyya ba ne, batun buɗe shago da sunan wani ɗan ƙasa kai kana juya kuɗin a ɓoye shi ne tasattur, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Wannan ka nemi lauya ya duba iƙamarka, takardar izinin zamanka a ƙasar, ya gaya maka abin da ta halatta maka tun kafin ka je ganin shagon.