Kafin a yanka rago: yadda ake nemo wa yaro sunan da bai cika gari ba

A gidanmu da ke Garwa ta ƙasar Kamaru, in ka tsaya tsakar gida ka ce "Abba", yara huɗu ne za su waiwayo. Dukkansu sunan mahaifinmu suka ci, Allah ya jiƙansa, kuma babu matar gidan da za ta kama sunan da bakinta saboda kunya. Shi ya sa da maiɗakina ta samu ciki na uku, na ƙudurta cewa in namiji ne zan nemo masa sunan da in an kira, shi kaɗai zai amsa.

Ka fara neman tun ciki yana wata bakwai ko takwas. Kwana bakwai ɗin da ke tsakanin haihuwa da suna ba sa isa komai. Ga asibiti, ga cinikin rago, ga rabon goro, ga 'yan barka. Wanda ya bari sai lokacin, sunan da ya fara zuwa bakin wani kawu shi za a yi huɗuba da shi.

Ni ta wajen annabawa na fara. Ibrahim da Musa da Yusuf sun cika kowane layi, amma akwai waɗanda Alƙur'ani ya ambata da ba kasafai ake jinsu ba: Alyasa'u, Zulkifli, Hudu. Alyasa'u da Zulkifli ma aya ɗaya ta haɗa su, ta 48 a Suratu Sad. Hadisi ya tabbata cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne mafi soyuwar sunaye a wajen Allah, don haka mai son ya zauna kusa da nan yana da Abdulwadud da Abdulmuhaimin da Abdulbari. Sharaɗin dai kada "Abdul" ya jingina da komai sai sunan Allah.

Wajen sahabbai ne na fi daɗewa, kuma nan na gane cewa tarihin mai suna daban, ma'anar kalmar daban. Arƙam ya burge ni, domin a gidansa da ke Makka ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake ganawa da Musulmin farko a ɓoye. Na kai wa limamin unguwarmu bayan sallar Asuba.

"Allah gafarta Malam, me za ka ce game da Arƙam?"

"Mutumin kirki ne, Allah ya ƙara masa yarda. Amma ka san a Larabci sunan wani maciji ne mai dabbare-dabbare?"

Ban sani ba. Ya ƙara mini da cewa Uwaisu, mutumin Yaman da ya shahara da biyayya ga mahaifiyarsa, ma'anar sunansa ɗan ƙaramin kerkeci, shi kuma Hanzala wani ɗan itace ne mai ɗaci. A da can, Larabawa sukan ba 'ya'yansu irin waɗannan sunaye don su razana abokan gaba. Ba haramun ba ne, amma ya kamata uba ya san abin da ya ɗora wa ɗansa. Sai ya ba ni labarin Hazn, kakan Sa'idu ɗan Musayyib. Sunansa na nufin ƙasa mai tauri da gargada, Annabi ya so ya mayar da shi Sahl, wato sauƙi, shi kuwa ya ƙi canza sunan da ubansa ya raɗa masa. Jikan nasa ya ce tun daga nan tsanani bai bar zuriyarsu ba. Wannan labarin ya zauna mini a rai.

Abin da nake roƙon iyaye su guje masa shi ne tsintar kalma don daɗinta a kunne. Wasu sukan buɗe Alƙur'ani su ɗauki duk wadda ido ya faɗa a kai, alhali a cikinsa akwai Fir'auna da Hamana, akwai kuma "zanim" a aya ta 13 ta Suratul Ƙalam, wadda zagi ce mai muni. Jerin sunayen da ke yawo a WhatsApp ma kada ka ɗauka kai tsaye. Ka kai wa wanda ya karanci Larabci, ka tambaye shi abu biyu: wa ya taɓa amsa sunan nan, kuma me kalmar take nufi.

Namu na gargajiya kuwa su ne yanzu suka zama baƙi. Yaushe rabon da ka ji an kira yaro Nomau, wanda aka haifa lokacin noma, ko Shekarau, wanda ya daɗe a ciki? Tanko na bin mata, Gambo na bin tagwaye. Laƙabi ne, ba da su ake yanka ba, amma sau da yawa su ke bin mutum har tsufa.

In ka tace biyu ko uku, ka gwada su a bakin mutanen da za su riƙa kira. Na so Mus'ab ƙwarai, saurayin da aka tura Madina ya koyar da Alƙur'ani kafin Hijira, ya yi shahada a Uhudu da tuta a hannunsa. Na faɗa wa mahaifiyata tana tsince shinkafa a faifai. Ta ɗago ta ce, "Musa wa?" Na maimaita. Ta ce, "Kai dai ka nemo wanda harshena zai ɗauka." A nan garin kuma dole ka tuna da Fulatanci, domin maƙwabtanmu "z" takan koma musu "j". Zubairu ya zama Jubairu tun da daɗewa, Zulkifli ma Julkifli zai koma.

Sai takardar haihuwa, inda aka fi yin sakaci. Rubutun Faransanci ake yi, Shu'aibu ya koma Chouaïbou, Usman ya koma Ousmanou, a N'Djamena kuma Muhammadu ya zama Mahamat. Baƙon suna ya fi saurin lalacewa, tunda mai rubutawa bai taɓa jinsa ba. Ɗan yayana harafi ɗaya aka sauya masa, ba a lura ba sai da zai zauna jarrabawa, kuma gyaran sai da aka shiga kotu. Ka rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda ka miƙa da hannunka, ka karanta abin da aka rubuta kafin ka bar wurin, ka kuma riƙe wannan rubutun a katin rigakafi da na makaranta.

Yaron ya zo cikin watan Agusta, da dare, ruwa kamar da bakin ƙwarya, haihuwar kuma ta zo da sauƙi fiye da biyun baya. Ranar suna liman ya sanar da Sahalu, sunan Sahl ɗan Sa'ad, ɗaya daga cikin sahabban da suka fi daɗewa a raye a Madina. A takarda na rubuta SAHALOU. Inna ta kira shi sau ɗaya ba tare da tuntuɓe ba, sannan ta karɓe shi daga hannun wanzami ta ce ita dai a wajenta Anaruwa ne.