Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin bashin da ba zai dawo ba

A kasuwar Mile 12 da mayankar Oko-Oba da ke Legas, kaya da yawa bashi suke fita. A ɗauki kwandon tumatir ko buhun albasa yau, a ce sai an sayar. Haka kasuwar take, amma wajen lissafi ake yin tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi cin jari shi ne mutum ya haɗa duk abin da ke littafin bashi ya ƙirga shi kuɗinsa. Ya ga naira miliyan 2 a rubuce, ya cire riba, ya aika gida, alhali uwar kuɗi yake ci. Gyaran shi ne a kasa bashin bisa daɗewarsa, kowane kaso a ƙiyasta abin da zai salwanta. A ce 1,200,000 bai kai wata ba, ka ware kashi 2 cikin ɗari, 24,000 ke nan. Na wata ɗaya zuwa uku 500,000 ne, kashi 10, wato 50,000. Sauran 300,000 ya haura wata uku, ka ware rabi. Jimilla 224,000, ita za ka cire daga ribar bana, abin da kake sa ran karɓa ya koma 1,776,000. Waɗannan kason misali ne kawai. Naka yana cikin tsofaffin littattafanka: nawa ka bayar bara, nawa ya dawo?

Wasu kuma sai kwastoma ya ɓace, wayarsa ta daina shiga, sannan su rubuta asara. Sai ribar bara ta kumbura, ta bana ta sha dukan. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai suna IFRS 9, wadda ta fara aiki a 2018, ta wajabta wa kamfanonin da ke bin ta su yi hasashen asarar tun da wuri, kuma ɗan tireda ma zai amfana da dabarar.

Akwai cirewa sau biyu, wadda har ƙananan akantoci ke faɗawa ciki. Idan bashi ya tabbata ya mutu, daga abin da ka riga ka ware za ka soke shi, kada ka sake taɓa riba. In mai shi ya dawo ya biya, ka mayar da bashin littafi, sannan ka rubuta biyan.

Sokewa a littafi kuma ba yafewa ba ce, haƙƙinka yana nan. Sai dai kunya kan sa mutum ya yi ta jiran ɗan garinsu, ga shi dokar Legas shekara 6 ta bayar a kai ƙarar bashin ciniki. Tun 2018 jihar ta buɗe kotun ƙananan ƙararraki, amma can ma hujja ake nema: rasit, saƙon waya, ko takarda mai sa hannu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta riga ta ce a rubuta bashi, a kuma kafa shaidu.