Masu renon iri a gorar ruwa, don Allah ku rage ban ruwan nan

Tun da hunturu ya shigo kowa ya yanke gorar ruwa gida biyu, ya zuba ƙasa, ya sa irin tumatir ko attaruhu ya kife da rabin saman, abin gwanin sha'awa wallahi. Amma ƙorafin da ake kawo min kullum ɗaya ne, wai shuka ta fito lafiya sai kawai ta kwanta ta mutu. Na gaji da maimaitawa shi ya sa na rubuta.

Ruwa ne ke kashe muku ita. Ka rufe gora, danshi ba ya fita, kana ganin gumi yana gangarowa a jikin robar, amma safe da yamma sai ka ɗauko buta ka kwarara, ga gindin gorar ko huda ɗaya babu, to ina kake so ruwan ya je? Ɗauki tsiron da ya faɗi ka duba daidai inda ya taɓa ƙasa, za ka ga wurin ya tsuke ya yi duhu kamar zare. Ruɓewa ce, kuma in ta kama ɗaya kafin jibi ta bi sauran. Wanda ya kwanta ba ya tashi, tuge shi ka yar. Ni ƙusa nake sawa a wuta in huda gindin wuri huɗu ko biyar, kuma ba na zuba ruwa ta sama, a faranti nake zubawa in ɗora gorar ta sha ta ƙasa kamar minti 10. Ba na ƙarawa sai na tsoma yatsa na ji ƙasar ta fara bushewa.

Sai kuma matsalar rana, wannan har yau tana min ciwo. Attaruhu yakan kai sati biyu zuwa uku kafin ya fito, na yi ta jira, ya fito tsaf, yaran gida suka ga kamar taimako ne suka fitar da gorunan tsakar gida a rufe. Kafin la'asar duk sun dahu. Jama'a dabarar nan daga ƙasashen sanyi ta zo, su ɗumi suke nema, mu kuwa ko a Janairu ranar azahar a Kano ba wasa ba ce, balle Maris da Afrilu. Rufin nan amfaninsa riƙe danshi da kare sanyin dare kafin iri ya tsiro. Da ka ga kore ya leƙo, cire rufin. A ba tsiron hasken safe bakin taga zuwa hantsi, kada kuma a kai shi ƙuryar ɗaki ya yi ta tsawo siriri ba ƙarfi.

Sauran ƙanana ne. Kar ka binne iri da zurfi, ɗan yayyafin ƙasa ya isa. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, nemi taki wanda ya ruɓe ka gauraya da yashi. Wajen abin renon iri kuma, kiret ɗin ƙwai na kwali saurin bushewa gare shi a iskar hunturu, ni na fi son robar yogot. Iri biyu ko uku a gora ya wadatar, ba cikin cokali ba.

Tumatir in ya yi sati huɗu ya isa dashe, amma ka fara fitar da shi waje kaɗan-kaɗan na 'yan kwanaki, sannan ka dasa da yamma bayan rana ta yi sanyi.