Yadda za ka gane ko binciken masanin cutar kansa ya yi tasiri da gaske

Ƙanena da ya gama digiri a BUK ya turo min sunan wani farfesa a waje mai bincike kan ƙwayoyin gado da cutar kansa, wai yana son yin mastas a wajensa, ya ce "Yaya, duba min mutumin nan ko babba ne." To ga yadda nake dubawa, ko wani ɗan'uwa ko 'yar'uwa zai amfana.

Fara da Google Scholar, ka rubuta sunansa, za ka ga sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa a nasu rubutun, kuma akwai wata lamba da ake cewa h, wadda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. In h ɗinsa 30 ce, yana da takardu 30 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Amma don Allah kar lambar nan ta ruɗe ka, don a harkar ƙwayoyin gado za ka ga takarda ɗaya da sunayen mutum ɗari biyu ko fiye, kowa ya kwashi lada ko da samfurin jini kawai ya aika. Duba inda sunansa yake, na farko yawanci shi ya yi wahalar lab, na ƙarshe shi ne mai gidan da ya jagoranci aikin, na tsakiya kuwa sai ka bincika. Ka kuma raba takardun da ya gano sabon abu da waɗanda ya tattara bayanan wasu kawai, su na biyun suna saurin tara ambato.

Daga nan ka shiga PubMed, shafin da ke tattara takardun binciken likitanci, kyauta ne, ka karanta taƙaitawar takardunsa biyar da suka fi fice, ka leƙa Retraction Watch, shafin da ke bibiyar takardun binciken da aka janye, ko an taɓa janye masa wata.

Abin da ni na fi damuwa da shi shi ne, shin aikin ya isa gadon mara lafiya? Ka bi sawunsa. Janet Rowley a Jami'ar Shikago ta nuna a 1973 cewa a wata irin kansar jini kuromosom (wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 9 da na 22 suna musayar yanki, daga nan aka gano furotin ɗin da ke haddasa cutar, sai a 2001 aka amince da maganin imatinib a Amurka, kaga shekara 28 kenan, wanda ya auna ta da lamba a shekarun farko ai ba zai ga komai ba. Haka Mary-Claire King, a 1990 ta nuna akwai ƙwayar gado a kuromosom na 17 da ke jawo kansar mama a wasu zuri'o'i, ita ce BRCA1, yau gwajinta ake yi wa mata a asibiti. Saboda haka ka nemi ko an saka aikin mutumin a ƙa'idojin da likitoci ke bi, ko ya haifar da gwaji ko magani.

Sai tambayar da mu 'yan Kano ya kamata mu riƙa yi, jinin su wa ya yi amfani da shi? Yawancin binciken ƙwayoyin gado a kan Turawa aka yi shi. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi likitanci a Ibadan, ita da abokan aikinta sun nuna cewa kansar mama a matan Afirka ta Yamma da yawanta ba ta da makamar sinadarin istirojin, wato wurin da sinadarin ke kamawa, ma'ana maganin tamoxifen, wanda ke toshe wannan makamar, ba zai yi musu aiki ba, wannan kuwa magana ce da ta shafi matar da ke layi a Asibitin Malam kai tsaye. Ga kuma binciken 1991 da ya haɗa gubar aflatoksin, wadda ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, da lalacewar ƙwayar gadon da ake kira p53 a kansar hanta, wallahi duk wanda ya san yawan buhunan da ke shiga Dawanau ya san wannan namu ne.

In duk ya yi maka, nemo ɗalibansa biyu ko uku da suka gama, ka ga ina suke aiki yanzu, ka tura musu imel gajere ka tambaya ko yana barin ɗalibi ya zama na farko a takarda. Shi ƙanen nawa abin da na sa shi ya fara yi kenan kafin ya rubuta wa farfesan.