Yadda Za Ka Bi Sawun Ciwon Ƙwaƙwalwar da Aka Kasa Gane Kansa

A nan garin Tawa na Nijar, idan mutum ya fara faɗuwa yana jijjiga, ko ya riƙa sambatu yana manta sunayen ƴaƴansa, abin da ake fara cewa shi ne iskoki ne suka taɓa shi. Haka aka faɗa a kan ƙanwata, kuma sai da muka sha yawon neman magani na watanni kafin mu gane cewa abin da likita ya fi buƙata yana hannunmu tun farko, wato labarin ciwon daki-daki.

Saboda haka ka fara da sayen ɗan littafi. Ka rubuta ranar da abin ya soma, da lokacin da yake tasowa, da mintocin da yake ɗauka, da ko akwai zazzaɓi, amai ko sanƙarewar wuya. Idan ya taso, wani ya kwantar da majinyacin ta gefe ba tare da an cusa masa cokali a baki ba, wani kuma ya ɗauki bidiyo da salula, domin sau da yawa ciwon ba ya tashi a gaban likita. Ƙanwata takan zauna lafiya ƙalau a ɗakin likita, hannuwanta bisa cinya, har a riƙa yi mana kallon masu ƙara gishiri. Jijjigar da ta wuce minti 5 kuwa ba ta jiran rubutu, sai asibiti nan take.

Za a fara da gwajin jini da na zazzaɓin cizon sauro. Idan aka nemi ɗibar ruwan ƙashin baya, kada tsoro ya sa ka ƙi, domin da shi ake gane sanƙarau da kumburin ƙwaƙwalwa. In ba a ga komai ba, ka nemi takardar turawa zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa a Yamai, ka kuma tambaye shi game da hoton IRM, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, da gwajin EEG, wanda ke auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa.

Ko da sakamako ya fito tas, bincike bai ƙare ba, domin EEG yakan nuna lafiya a lokacin da farfaɗiya ta lafa. Akwai ma wani kumburin ƙwaƙwalwa da masana suka bayyana a shekarar 2007, wanda garkuwar jiki ce take kai wa ƙwaƙwalwa hari, yana kama da taɓin hankali, alhali yana da magani.

Ka ci gaba da addu'a, amma kada a yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya ba da izinin likita ba. Ka haɗa littafin da takardun gwaji da kwalayen magungunan da aka sha a jaka guda, ka miƙa wa kowane sabon likita tun kafin ya tambaya.