Yadda ake gyaran tsohon gida kafin a zuba 'yan haya

Yawancin waɗanda suka sayi tsohon gida a Garuwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, domin haya, mai fenti suke fara kira, saboda fenti ne ido yake gani. A nan kuɗinsu yake tafiya. Gyaran gida daga mashigar ruwa yake farawa.

Ka fara da zuwa gidan a watan Agusta, ana tsakiyar ruwa. Ka shiga kowane ɗaki da alli, ka zagaye duk tabon da ka gani a silin, sa'an nan ka fita tsakar gida ka lura da inda ruwan kwano yake zuba da inda yake kwanciya. Aikin kansa sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ni ba na taɓa siminti a Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, domin yaɓe yana bushewa kafin ya kama.

Rufi shi ne na farko: a canja kwanon da ya huje, a cire katakon da gara ta ci. Wannan kowane kafinta ya san shi.

Inda mutane suke faɗuwa shi ne gindin bango, kuma ni ma a nan na sha kashi. A gidana na farko na ga filasta ta kumbura daga ƙasa zuwa kusan gwiwa, da wani farin gari kamar kanwa a kanta. Magini ya ce a shafe kawai, na yarda, muka yaɓe muka yi fenti cikin mako guda. Damina ba ta ƙare ba sai da fentin ya riƙa saɓulewa, ɗan haya yana share shi da tsintsiya kowace safiya. Farin garin nan gishiri ne da laima take ɗaukowa daga ƙasa, kuma muddin ruwa yana kwana a jikin harsashin gini, zai dawo ko da fenti mai tsada aka rufe shi.

Abin yi shi ne a kankare tsohuwar filasta har a kai ga bulo, a wuce iyakar tabon da kamar rabin mita, a bar bangon makonni yana shan iska. Kafin ya bushe, a zuba daɓe mai faɗin mita ɗaya kewaye da ginin, a karkata shi waje zuwa magudana. Sabon yaɓen kuwa buhun siminti ɗaya mai kilo 50 ne ga baro biyu na yashi. Simintin da ake yi a garin Figil ya wadatar, yashi ne abin tsoro: ka zuba na mayo, wato kogi, a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka ajiye, in laka ta kwanta da kauri a samansa ka mayar da motar yashin. A shayar da yaɓen safe da yamma kwana 7, musamman cikin hunturu, kuma kada fenti ya hau sai bayan mako 4. Haya ta wata ɗaya za ta wuce ka, amma ta fi sake aikin araha.

Idan gidan a kan baƙar ƙasar karal yake, wadda take kumbura da damina ta dare da rani, kada ka toshe tsagar bango nan take. Ka manna ɗan siminti a kanta, ka rubuta kwanan wata. In ya fashe, ginin yana motsi, aikin injiniya ne.

Saura ba shi da wuya. A kwashe masai, a sake wayar wuta, a raba wa kowane ɗan haya mitarsa, domin rigimar kuɗin wuta ta fi ta haya yawa. Fenti na mai a rabin bango na ƙasa, na ruwa a sama, ƙofa kuma ta ƙarfe.