Babi na Bakwai: Jinin da Ba Ya Tsayawa da Wuri, Idan Gadonsa Aka Yi

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, kowa ya buɗe takardar gwajin jinin da na ce a zo da ita. A sa yatsa a bi layi a hankali har a kai kan haruffa uku, P da L da T. Wanda bai gani ba ya sake daga sama, ba komai, haka kowa ya fara. Waɗannan su ne filatilet, ƴan ƙananan ƙwayoyin da ke taruwa su toshe bakin ciwo idan mutum ya yanke, a ɓargo ake yin su kuma kwana 7 zuwa 10 kawai suke yi a jiki. Lafiyayye ana ganin 150 zuwa 450 a gaban haruffan, dubbai ake nufi, 60 dubu sittin kenan, ya yi ƙasa. Maleriya ma tana sauke su amma in an warke sai su dawo. Namu na yau shi ne wanda tun yarinta yake haɓo, dasashi na jini, kullum lambar tana ƙasa.

Darasi na 2

To nan ne ake tuntuɓe. Halittar yaro rabi daga uwa take, rabi daga uba. A faɗa da ƙarfi: rabi uwa, rabi uba. A rubuta sau uku.

Ƙarancin filatilet na gado iri-iri ne. Na farko akwai nau'in da ake kira Bernard-Soulier, sunan likitoci biyu ne ƴan Faransa da suka bayyana shi a 1948, shi sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi ko da su lafiyarsu ƙalau, kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi yaro da ciwon, shi ya sa ya fi fitowa a auren zumunci. Hanyarsa irin ta sikila ce amma ba sikila ba ce. Ku saurara da kyau, gwajin jinotayif da ake yi kafin aure ba ya nuna shi. Mai AA zai iya ɗauke da shi. Na san za a sake ce min "ai malam ni AA ne", to AA maganar sikila ce kawai. A rubuta: AA ba ya nuna filatilet. A sake rubutawa. Madalla, hannu na faɗawa.

Na biyu MYH9, shi ɗaya daga cikin iyaye ya isa, kowane ciki rabi da rabi ne, wasu kuma in sun girma ji na raguwa, ko ƙoda ta samu matsala, ko yanar ido. Na uku Wiskott-Aldrich, kusan duk yara maza yake kamawa, ta wajen uwa yake biyowa, da ƙaiƙayin fata da yawan kamuwa da cuta. Amma dan Allah maza, wallahi raina ya ɓaci da na ji wani ya koma gida yana ce wa iyalinsa ita ta kawo masa ciwo. Ita ta zaɓa? Sau nawa muka rubuta rabi uwa rabi uba? Wanda ya manta ya koma sama ya karanta.

Darasi na 3

A ja layi a tsakiyar shafi, dama dangin uba, hagu dangin uwa. A rubuta duk wanda jininsa ya daɗe a wajen kaciya, haihuwa, al'ada ko cire haƙori. A kai wa likitan jini a asibitin Barau Dikko na Kaduna ko na Shika a Zariya, don wani ciwon da ba na gado ba yana kama da wannan, kada a yi ta ba yaro maganin da ba nasa ba ko a cire masa saifa a banza.

Darasi na 4

Mai wannan ciwo, ban da asfirin da ibufurofin na kemis. Kaciya, ƙaho da cire beli wajen wanzami a dakata sai likita ya gani. A zo da shafin dangi ranar Talata.